Tsarabar Da Muke Jira Daga Shugabannin Jami'o'inmu

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, kuma sunan da Abubakar Imam ya ba littafinsa ke nan bayan ya dawo daga Ingila a 1943. Aiki ne ya kai shi, cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, amma da ya dawo sai ya zauna ya rubuta wa mutanensa abin da idonsa ya gani, cikin harshen da suke ji. Irin wannan tsaraba muke roƙo daga shugabannin Jami'ar Njamena, wadda aka kafa tun 1971, da na Jami'ar Sarki Faisal, duk lokacin da aiki ya fitar da su waje.

Ganin farko yana da daraja, domin baƙo yakan lura da abin da ɗan gari ya daina gani. Sai dai ido yakan fara sauka a kan dogayen gine-gine da tsabtar tituna, waɗanda ba a ɗauko su a jaka. Abin da ake iya ɗaukowa shi ne yadda mutane ke mutunta ilmi.

Shugaban da ya je Paris, ya daure ya leƙa makarantar INALCO. Zai tarar ana koyar da Hausa, wannan dai harshen da ya baro ana ciniki da shi a kasuwannin Njamena. Idan hanya ta bi da shi Kano ko Zariya, zai ga Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello suna ba da digiri har na uku a fannin Hausa. Daga nan tambaya za ta zo da kanta: ina matsayin Hausa da sauran harsunanmu na gida a jami'o'in Chadi, kusa da Faransanci da Larabci?

Mu nan tsiraru ne, kuma da yawa cikin 'ya'yanmu Larabcin Chadi ya fi zama a bakinsu. Yarjejeniya ɗaya da Kano ko Maiduguri, ta musayar malamai da ɗalibai da littattafai, za ta fi mana hotunan musabaha amfani nesa ba kusa ba.

Namu aikin kuma shi ne tambaya. Malamanmu da ɗalibanmu su riƙa neman jin bayanin kowace tafiya cikin ladabi, domin wanda ya yi shiru ba a san yana da buƙata ba. Allah Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su da abin da zai amfani na baya.