Fitila cikin hanci: magani ko kasuwa?

Da zarar hunturu ya kama, ƙurar da iska ke ɗaukowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi takan lulluɓe Damagaram da Maraɗi da Tawa. A lokacin ne masu murar alerji suka fi jin jiki: atishawa ba iyaka, hanci na yoyo, ido na ƙaiƙayi. Wannan mura ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, jiki ne ke ɗaukar ƙura ko garin furanni tamkar abokan gaba, ya saki wani sinadari mai suna histamin.

Magani da haske tsohon abu ne. Tun 1903 likita Niels Finsen na ƙasar Danmak ya samu kyautar Nobel bisa warkar da tarin fuka na fata da haske. Shigar da shi cikin hanci kuwa, likitocin jami'ar Seged ta ƙasar Hungari ne suka yi fice a kai da na'urarsu Rhinolight. Kashi 70 cikin 100 na haskenta wanda ido ke gani ne, 25 UVA, 5 UVB, kuma aikinsa rage ƙwayoyin jinin da ke haddasa kumburi. A binciken da suka buga a 2005, an haska majinyata sau 3 a mako har mako 3: atishawa da ƙaiƙayi da yoyo sun ragu, amma toshewar hanci ba ta sauya sosai ba.

Abubuwa biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, an yi gwajin ne kan masu alerjin furen wata ciyawa ta can, ba ƙurar Sahel ba. Na biyu, illar da aka fi gani ita ce bushewar cikin hanci, alhali hunturu ya riga ya busar da shi har wani ya yi haɓo.

Ƴan fitilu masu jan haske da ake tallatawa ta intanet kuwa, wani abu ne daban, hujjarsu ba ta da ƙarfi. Ɗan kasuwar da zai yi odarsu da ma'aikacin da zai zuba albashinsa a kai, su yi hattara.

Abin da likitoci suka fi amincewa da shi har yanzu: wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta, feshin hanci mai kortizon, da ƙwayoyin hana aikin histamin, bisa shawarar likita. Rufe hanci da rawani ko ƙyalle ranar hazo kuwa ba ya cin ko dala.