Haihuwa A Gida: Shirin Yana Farawa Daga Rumbu

'Yan'uwa manoma, a yawancin ƙauyukanmu mace takan haihu a ɗakinta. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin haihuwa 100, 39 ne kaɗai aka yi a asibiti ko ɗakin shan magani. A arewa maso yamma ba su ma kai 20 ba. Dalilan mun san su. Asibiti da nisa, hanya takan yanke da damina, kuɗi babu, ga kuma kunya, musamman a haihuwar fari. Wata ta je sau ɗaya aka daka mata tsawa, ta ce ba za ta ƙara ba. Ba mu raina waɗannan dalilai ba. Duk da haka ra'ayinmu shi ne, inda akwai ungozoma mai horo, a je wurinta. Inda kuwa babu, ko mace ta ce sai gida, kada a bar maganar sai ranar naƙuda. A soma shiri tun watannin farko, a kuma soma daga rumbu.

Me ya haɗa rumbu da haihuwa? Jini ne. Kowace mace tana zubar da jini sa'ad da ta haihu. Wadda jininta ya cika takan ɗauki wannan ta tashi. Wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini kuwa, ɗan abin da ta zubar ya isa ya kayar da ita. Zubar jini mai yawa bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin sa'a 2. Wa zai nemo mota, ya nemo kuɗi, ya haye rafi cikin sa'a 2 da tsakar dare?

Jini kuwa abinci ne yake gina shi, kuma yawancin abincin mu muke noma shi. Wake, gyaɗa, waken soya, zogale, rama, alayyaho, kuka, daddawa, busasshen kifi, ƙwai. Abin baƙin ciki, waɗannan su ne ake fara kaiwa kasuwa. Da kaka ta yi sai maigida ya auna wake da gyaɗa ya sayar, a bar dawa da masara a rumbu. Ƙwan zabi da na kaza a kai bakin titi. Mai ciki tana tuwo da safe, tuwo da dare, miyar kuma ruwa ruwa. Cikinta ya cika, amma jininta bai ƙaru ba. A wasu gidaje ma hana ta ƙwai ake yi, wai yaron zai zama ɓarawo. Ɓarayin da muka sani, ba ƙwai ne ya koya musu ba. Wata kuma ita ke rage cin abinci da kanta domin kada ɗan ya yi girma ya ba ta wahala. Wannan yakan raunana uwar, ya kuma kawo jariri ƙarami wanda yake saurin kamuwa da ciwo.

Mu manoma mun iya ƙidayar watanni. Matar da ta ɗauki ciki a Disamba, a Satumba za ta haihu. Watanninta masu nauyi za su faɗa cikin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona kuma ya yi yawa. Ashe tun ranar sussuka ya kamata a ware mata rabonta na wake da gyaɗa, a shanya ganyen zogale a inuwa a adana. A ci ganye da wake tare da tumatir, lemo ko gwaiba, gama suna taimakon jiki ya sha abin da ke gina jini. Shayi kuwa yana hana wannan, sai a sha shi nesa da lokacin abinci. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna kada a ba ta, kada ma a ba kowa. In ciki ya tsufa a sauke mata ɗaukar ruwa da itace.

Abinci kaɗai ba ya isa. A wurin awon ciki ana ba da ƙwayoyin ƙarin jini na sha kowace rana, da maganin hana zazzaɓin cizon sauro wanda ake somawa bayan wata 3, da allurar rigakafin ciwon nan da yake sarƙe bakin jariri ya kasa shan mama. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga mai ciki sau 8 kafin ta haihu. Ko ba a samu 8 ba, a je da wuri, a kuma koma. A can ne za a auna jini, a duba kwanciyar ɗa, a faɗa mata ko gida zai yiwu.

Gama akwai matan da bai kamata su haihu a gida ba ko kaɗan: yarinya ƙarama mai cikin fari, wadda ta haihu sau 5 ko fiye, wadda aka taɓa yi wa tiyata aka ciro ɗa, mai tagwaye, wadda ɗanta ya gicciye, da wadda fuskarta da hannuwanta suka kumbura tana ciwon kai, domin jijjiga tana bin wannan. Naƙudar da ta wuce sa'a 12 kuma ba ta jiran gari ya waye. Matan da suke jinyar yoyon fitsari a Jankwano a Jos, da Babbar Ruga a Katsina, yawancinsu doguwar naƙuda ce ta kai su can, da yawa kuma sun rasa jariran. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, ɓarna yake ƙarawa.

In an haihu a gida lafiya, a wanke hannu da sabulu, a yanke cibiya da sabuwar reza, kada a shafa mata toka ko kashin shanu. A ɗora jariri a ƙirjin uwa ya sha dakashi, kada a matse a zubar. A kai su duka biyu a duba su cikin kwana ɗaya. Kunun kanwa mai yawa da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna suna da hannu cikin ciwon zuciyar masu jego. Gara kunun gyaɗa.

Ga inda ƙungiyarmu ta shigo. Muna tara kuɗin taki, muna tara na iri, muna da littafi da ma'aji. Me zai hana mu buɗe asusun naƙuda? Kowane mamba ya ba da mudu ɗaya na hatsi da kaka, a sayar, ma'aji ya riƙe. A yi magana da direba ɗaya ko biyu tun yanzu, a daidaita kuɗin tafiyar dare, a rubuta lambar wayarsu a inda kowa zai gani. Zumuntar Mata sun san masu ciki a kowace unguwa, su za su riƙa faɗa mana wadda watanta ya kama. Maigida kuma in zai yi tafiya, ya bar izini a fili cewa a tafi da matarsa ba sai an jira shi ba. Muna roƙon shugabanni da sakatarori su sa wannan magana cikin taronsu na gaba, kafin a fara kai wake kasuwa.