An Kulle Mu Ba Abinci, An Buɗe Mu Ba Gwaji

A shekarar 2020 mun shafe watanni muna gardama a kan tambaya ɗaya: a buɗe gari ko a ci gaba da kulle? An yi ta a gidajen rediyo, an yi ta a majalisun unguwa, an yi ta a Facebook har zumunci ya taɓu. Wasu na cewa yunwa ta fi korona kisa, wasu na cewa sai da rai ake cin kasuwa. Kowanne ɓangare yana da abin da ke ƙona masa zuciya. Amma gaskiyar da ya kamata a faɗa ba kwana-kwana ita ce, a cikin duhu aka yi gardamar nan daga farkonta har ƙarshenta, kuma masu riƙe da mulki ne suka kashe fitilar. Ba su ƙirga matattu da gaskiya ba, ba su ƙirga mayunwata ba, suka koma gefe suka bar talakawa biyu, mai tsoron cuta da mai tsoron yunwa, suna zagin juna.

Mu ɗauki Kano, domin a nan ne abin ya fi fitowa fili. Cutar ta shigo Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, ta hanyar wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Sai ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko a Kano. Sama da makonni shida ke nan. Makonni shida da za a iya tanadar kayan gwaji, a horar da ma'aikatan asibiti, a zauna da masu unguwanni a rubuta sunan kowane gidan da ba ya ɗora tukunya sai maigida ya fita. Me aka yi da su? Lokacin da cutar ta iso, birnin da ke ɗauke da miliyoyin mutane ya dogara ne da ɗakin gwaji ɗaya tak, na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda shi ma sabon buɗewa ne. Ba a jima ba ya tsaya cak na kwanaki, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Alƙaluman masu kamuwa suka tsaya, cutar kuwa ba ta tsaya ba.

Waɗanda suka fara faɗa wa duniya gaskiya ba jami'an gwamnati ba ne. Masu haƙar kabari ne. Su ne suka ce gawarwakin da ake kawowa Dandolo da sauran maƙabartu sun wuce yadda suka saba gani, suna rufe wannan ana sauke wancan. A 'yan makonnin nan Kano ta rasa dattawa da malaman jami'a da alƙalai da 'yan kasuwa, har da Sarkin Rano a farkon Mayu. Kusan kullum sai an wayi gari da sanarwar rasuwa. Amsar da gwamnatin jiha ta fara bayarwa ita ce hawan jini ne, ciwon suga ne, sanƙarau ne, zazzaɓin cizon sauro ne. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya fito ya ce an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce sanadi ko ta taimaka. Ta yaya aka gano? Ta hanyar bin gida gida ana tambayar iyalai yadda mamacinsu ya yi jinya, domin an riga an binne mutanen ba tare da an gwada su ba.

Wannan shi ne laifi na farko, kuma shi ya haifi sauran. Wanda ya ce wa jama'a yau ba korona ke kashe dattawansu ba, ba shi da bakin da zai ce musu gobe su zauna a gida saboda korona. Gwamna Abdullahi Ganduje ya nemi naira biliyan 15 daga gwamnatin tarayya don yaƙar cutar, a daidai lokacin da gwamnatinsa ke nesanta mace-macen daga cutar. Talaka ya ji maganganun biyu, ya haɗa su, ya yanke hukunci cewa harkar neman kuɗi ce. Hukuncinsa kuskure ne, kuma ya jawo asarar rayuka, amma a gaya mini wa ya ba shi dalilin yankewa.

Laifi na biyu shi ne kulle mutane babu abinci. Dokar kulle ta fara aiki a Kano ranar 16 ga Afrilu, mako guda kafin azumi. Ranar 27 ga wata Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara ta da makonni biyu, daga baya aka yi ta ƙarawa. Kano gari ne na a fita a nemo. Ɗan dakon Singa, mai Adaidaita Sahu da ke kai balas kowace yamma, yaron shago a Kantin Kwari, mai shayi, ɗan garuwa, mai wankin hula, matar da ke aikin ƙosai ta ɗora wa 'yarta talla, babu ɗayansu da ke da albashin ƙarshen wata. Abin da ya shigo da rana shi ake ci da dare. Duk wanda ya zauna a cikin unguwa a azumin nan ya san yadda ake ƙwanƙwasa ƙofa bayan la'asar. Magidanci ne, mai sana'a, wanda bai taɓa roƙon kowa ba, zai tsaya a zaure ya yi ta gaisuwa yana kewaye-kewaye, kansa a sunkuye, kafin ya iya cewa ko da kwanon gero ne a taimaka, yara ba su da abin buɗa baki. Malaman makarantu masu zaman kansu sun yi watanni ba albashi, domin iyaye ba su biya kuɗin makaranta ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi bincike ta waya a watannin Afrilu da Mayu, ta tarar kashi 42 cikin ɗari na waɗanda ke aiki kafin annobar sun daina. Rashin aikin yi ya kai kashi 27.1 a tsakiyar shekarar, ya haura kashi 33 a ƙarshenta.

Ina tallafin da aka yi ta shela? Gwamnatin tarayya ta ce za ta faɗaɗa rajistar gidajen masu rauni daga miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6, a ƙasar da fiye da mutum miliyan 80 ke cikin talauci bisa ƙididdigar gwamnatin kanta. Attajirai da bankuna suka tara biliyoyin naira ƙarƙashin haɗakar CACOVID aka sayi abinci. Amsar tambayar ta fito ne a watan Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, lokacin da jama'a suka fasa rumbuna a Legas da Osun da Kwara da Abuja da Kaduna da Jos da Yola da Jalingo. Kowa ya ga hoton Bukuru ta Jos, mutane maƙil a saman rufin sito suna yaye kwano, ana fito da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya. Gwamnoni suka ce ajiya ce aka yi saboda dawowar cutar karo na biyu, wasu suka ce kayan ne suka iso a makare. Ba na goyon bayan wawaso, an tattake mutane, an kwashi dukiyar waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Amma duk uzurin da za a kawo, abincin da aka saya saboda mai yunwar Afrilu bai kamata Oktoba ta same shi a kulle da kwaɗo ba. Wannan cin amana ne.

Abin da ya isa ga talaka a kan lokaci shi ne kulki. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin doka, adadin da ya zarce waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a ƙasar a lokacin. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi, amma mai abin miƙawa a shingen hanya ya wuce. Da Allah ya yi wa Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa, Abba Kyari, rasuwa ranar 17 ga Afrilu, manya sun yi cincirindo a maƙabartar Gudu a gaban kyamara, har sai da kwamitin shugaban ƙasa kan korona ya nemi afuwa. A makonnin nan ne ake kama limamai saboda sun yi Juma'a, ake gurfanar da masu neman abinci a kotun tafi da gidanka. Gwamnonin Arewa kuma suka zaɓi wannan lokaci don loda almajirai a motoci a mayar da su jihohinsu, daga baya Kaduna da Jigawa suka sanar da samun cutar a jikin gommansu. Yaran da ba su da mai magana da yawunsu, su aka fara jefa wa laifi, su aka cusa a mota ɗaya mai lafiya da mara lafiya.

Laifi na uku shi ne yadda aka buɗe. Ba don alƙaluma sun nuna cutar ta lafa aka sassauta ba, an sassauta ne don matsi ya yi yawa. A Kano aka ware Litinin da Alhamis, daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma, don a sayi abinci. Duk wanda ya san garin ya san abin da zai biyo baya: mutanen da a da suke rarrabuwa cikin kwana bakwai, aka tattara su cikin sa'o'i shida sau biyu a mako, kafaɗa da kafaɗa a bakin kasuwa da layin banki, takunkumi a haɓa. A farkon Yuli aka ɗage kullen baki ɗaya. Daga nan sai gangamin zaɓen Edo da Ondo. A watan Disamba, cutar na dawowa karo na biyu, gwamnatin da ke wa'azin ba da tazara ita ce ta ba da wa'adin makonni biyu kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa, dubban mutane suka yi dafifi a ofisoshin rajista. Wace hujja ta rage mata?

Mu ma jama'a ba za mu fita da hannu wankakke ba. Masu cewa "babu korona" sun yi ɓarna. Matasan da suka riƙa tara 'yan kallo a filin ƙwallo suna ihu, sun koma gida sun kwana ɗaki ɗaya da kakanninsu. Wasu masu wa'azi sun hau mumbari sun kira cutar makircin maƙiya ba tare da sun taɓa leƙa ɗakin masu jinya ba, alhali Saudiyya kanta ta hana mahajjatan ƙasashen waje zuwa Hajji a shekarar. Gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya yi ta musanta cutar a bainar jama'a yana riƙe da muƙamin da ya wajabta masa kare rayuka. Na san rashin yardar Kano da harkar magunguna yana da tushe, mutane ba su manta gwajin maganin Trovan na 1996 ba. Amma tsohon rauni ba ya halatta wa mutum ya ga makwabcinsa yana haki numfashi na sarƙewa, ya ce ƙarya ce.

A ɗaya gefen kuma akwai mu masu albashi, masu firji da janareta, da muka zauna a falo muna rubuta "ku zauna a gida" muna kiran masu fita jahilai. Wanda albashinsa ke shigowa ko ya fita ko bai fita ba, ya ji kunyar yi wa ɗan dako huɗuba a kan haƙuri, sai fa idan ya aika masa da abin da zai ci. Mutumin nan ba jahili ba ne. Ya yi lissafinsa ne: cutar mai yiwuwa ce, yunwar 'ya'yansa kuwa tabbas ce kafin magariba.

Tarihinmu na Musulunci bai bar mu da wannan zaɓi na ƙarya ba. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya sami labarin annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa, bai ɗauki hakan a matsayin raunin tawakkali ba. Shi ne dai kuma a shekarar fari da ta auka wa Madina ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci, aka girka tukwane ana ciyar da dubban mutane, ya haramta wa kansa cin man shanu har jama'a suka samu sauƙi. Shugaba ɗaya ne ya yi duka biyun, ya ɗauki cuta da muhimmanci, ya ɗauki yunwa da muhimmanci. Namu shugabannin suna son ambaton sunansa a taro, amma sun kasa ɗaukar ko ɗaya daga cikin ayyukan nan biyu.

Ba don tone-tone nake wannan magana ba. Annoba ba ta yi sallama da mu ba. Kwalara ta yi ɓarna a 2021, mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, galibinsu yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Wata annobar na tafe, kuma idan ta zo haka za a sake tayar mana da tsohuwar gardama.

Don haka ga abin da ya wajaba tun yanzu. Kowace maƙabarta ta sami littafin rajista da ma'aikaci mai albashi, kowane mako a bayyana adadin waɗanda aka binne, domin ranar da ya ninka a gane cikin kwanaki. Ɗakunan gwajin da aka kafa a 2020 a riƙe su da ma'aikata da kayan aiki, kada a bar su su ruɓe. Kowace mazaɓa ta mallaki jerin gidajen da ke ci daga hannu zuwa baki, a rubuta shi tare da masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, a liƙa shi inda kowa zai gani, ba a aljihun shugaban jam'iyya ba. A fito da cikakken lissafin kuɗin korona, jiha jiha, abin da ya shigo da inda ya tafi. Kuma a kafa ƙa'ida da babu gwamnan da zai tsallake: ba za ka rufe kasuwa ba sai ka nuna mana abincin da za ka raba da ranar da zai isa, ba za ka buɗe ta ba sai ka nuna mana mutum nawa ka gwada da abin da gwajin ya nuna. Duk mai neman ƙuri'armu a tambaye shi wannan a gaban jama'a, idan ba shi da amsa a hana shi.