Baƙin da ke zuwa Faro neman giwan ruwa

Kowace shekara, daga Janairu zuwa wajen Maris, jirgi yakan sauke wasu baƙi a Garwa, arewacin Kamaru, kowa rungume da dogon bututun da ya zuba sandunan fatsarsa a ciki. Mota ta kwashe su tafiyar sa'o'i zuwa kogin Faro, wanda ya gangaro daga tsaunukan Adamawa ya zube cikin Binuwai daf da iyakar Najeriya. Yawancinsu daga Turai, Amurka da Afirka ta Kudu suke, kuma sun biya kuɗi mai kauri tun watanni kafin su taso. Abin da ya kawo su giwan ruwa ne da tsage, kifayen da duk ɗan masunci a Yawuri ko Numan ya sani tun bai iya tuƙa kwalekwale ba. In suka kama, sai su ɗauki hoto su saki kifin da ransa.

Fatsarsu ba irin tamu ba ce. Ba tana, ba ƙulli, ba wani koto mai rai. Gashin tsuntsu ne da gashin dabba ake naɗawa da zare a jikin ƙugiya, har ya fito da siffar fara, ko mazari, ko ƙaramin kifi. Tun da wannan koto ba shi da nauyi, igiyar ce ake yi mata nauyi. Mai fatsa ya riƙe sanda mai tsawon ƙafa 9, ya kaɗa igiyar gaba da baya a iska har ta miƙe, sannan ya ajiye koton a daidai inda yake so. A Ingila, a kogunan Test da Itchen masu ratsa ƙasa mai alli, aka tsara ƙa'idojin wannan sana'a a ƙarni na 19, daga baya ta bazu duniya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suke shirya tafiyar, domin tambayoyin da suke yi kafin su sayi tikiti su ne ainihin tambayoyin da ke nuna ko kogi yana da rai.

Ta farko ita ce lokaci. Kogin da ke ratsa fili ba ya kamuwa da damina: ruwa ya cika ya yi ja, kifi ya watse cikin fadama yana ƙwai, koton gashi kuwa sai kifi ya gan shi kafin ya kai masa cafka. Sai rani ya kama, ruwa ya ja baya ya yi garau, kifi ya taru a gurabe masu zurfi. A nan kuma wata wahalar ta ɓullo, don ruwan da ya bari ka ga kifi ya bar shi ya gan ka. Kifi na ganinka, mai jar koma. Shi ya sa da rana suke bin tsage cikin sanɗa, a bakin ruwa mai gudu, da guntun waya a gaban ƙugiya saboda haƙoransa suna datse igiya. Giwan ruwa kuwa sai bayan faɗuwar rana, lokacin da take fitowa daga ƙarƙashin duwatsu farautar ƙananan kifi, da sanda mai ƙarfi da koto mai tsawon tafin hannu ko fiye. Gurbin da take zaune a ciki shi ne na dorina da kada, saboda haka ba mai taka bakin ruwa sai da ɗan jagora wanda ya san wurin. Sauran shirin kowa ya san shi: maganin zazzaɓin cizon sauro, tufafin da ƙudan tsando ba zai huda ba, takardar izini.

To, a ce wani ɗan kasuwa a Kano ko Abuja ya yi sha'awar wannan, ya ce shi a gida zai yi. Ina zai dosa? Lokacin da ruwa zai ja ba damina kaɗai ke yanke shi yanzu ba. Madatsar Kainji tun 1968 take riƙe da Neja, ta Lagdo tun 1982 take riƙe da Binuwai, kuma mutanen Adamawa da Binuwai da Kogi ba su manta ambaliyar 2012 da 2022 ba. A Haɗeja da Nguru, bayan gina madatsun Tiga da Challawa, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Dajin da ke kewaye da Kainji kuwa matsalar tsaro ta sa ba mai kai baƙo ya kwana a can. In ya tsallake duk wannan, tambaya mafi nauyi tana jiransa: akwai sauran babban kifi? Ku tambayi dattawan Sarkawa girman giwan ruwan da suke ciro da ƙuruciya, ku gwada da wadda ake kaiwa kasuwa yau. Gubar gamalin da ake zubawa a gurbi yana kashe uwa da 'ya'ya har da kwaɗi. Gidan sauron da aka raba don kare yara ya zama taru mai kwashe kifin da bai kai yatsa ba. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana guba da nakiya, amma doka tana takarda, gurbi yana daji.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi: wasan masu ƙoshi ne mutum ya kama kifi ya sake shi a ƙasar da miyar wasu ba ta ga nama ba. Akwai kuma mai ganin wahalar da dabba ne ba gaira ba dalili. Ba na kiran masuncin da ke ciyar da iyali da mamari da birgi ya saki abincinsa. Abin da nake cewa shi ne giwan ruwa takan ɗauki shekaru kafin ta girma, manyan kuma galibi mata ne, su ne masu zuba ƙwai da yawa. Wadda aka sayar a kasuwa an ci kuɗinta sau ɗaya. Wadda aka bari a gurbi tana cika kogin da 'ya'yan da masunta za su kama a ƙasa, kuma tana iya jawo mai biyan kuɗi bana da baɗi.

Wannan dabara ma ba baƙuwa ba ce gare mu. A Argungu, Matan Fada a rufe yake duk shekara; ba mai jefa homa sai ranar da aka buɗe, kuma Sarkin Ruwa da mutanen gari ne ke tsare da shi. Saboda wannan hanin ne a bikin 2020 aka fito da kifi mai kilo 78. Bikin da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, a kan gurbin da aka hana taɓawa yake tsaye. Ƙauyuka da yawa a bakin gulabenmu suna da irin wannan al'ada ta rufe tafki har ranar su, sai dai ikon sarakunan ruwa ya raunana, wanda ya zo da kwalbar gamalin kuma ba ya jin tsoron kowa.

Ina ganin jihohin Kebbi, Neja, Taraba da Adamawa za su iya farawa da kaɗan. A zaɓi gurabe biyu ko uku a kowace jiha, tare da Sarkin Ruwa da masuntan wurin, ba a ofis ba. A rufe su a hukumance, a ba sarkin ikon miƙa mai zuba guba ga kotu. Duk kuɗin da mai fatsa ya biya, kaso mafi tsoka ya tsaya a ƙauyen, 'ya'yan masunta su zama 'yan jagora, don su ne suka san inda dorina ke kwana da daren da giwan ruwa ke tasowa. In aka kori masunci don a faranta wa baƙo, shirin ya mutu tun ranar farko, domin mutumin da aka raba da gurbinsa shi ne zai dawo masa da dare.

Wurin da ya fi dacewa a gwada shi ne gandun Gashaka Gumti, mafi girma a Najeriya, wanda ke maƙwabtaka da tsaunukan da kogin Faro ya fito. Kogunansa suna gangarowa Taraba su shiga Binuwai ɗin nan guda, da tsagensu da giwan ruwansu, kuma masu gadin daji suna nan a wurin tun tuni.