Idan Ƙashi Ya Tsage a Gefen Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa jinyar tsohuwar da ta zame a makewayi ta karya wuyan ƙashin cinya, ya san irin farin cikin da ke sauka a gida ranar da likita ya cire kan ƙashin, ya dasa na ƙarfe a madadinsa, har ta miƙe ta taka ƙasa bayan 'yan kwanaki. Sai dai abin da ba a cika gaya wa iyalai ba, alhali kuwa haƙƙinsu ne su sani, shi ne cewa ƙarfen da aka zura cikin ramin ɓargo ba ya lanƙwasa, ƙashin da ke kewaye da shi kuwa shekaru sun riga sun zaizaye shi, saboda haka in aka sake faɗuwa, ƙashin ne ke tsagewa, kamar yadda ƙota kan tsage, alhali ruwan gatari na nan lafiya lau.

Malaman tiyata sun daɗe suna saɓani a kan yadda ya fi dacewa a kafa ƙarfen nan: ko a buga shi har ya kama ƙashi da kansa, ko a liƙe shi da simintin ƙashi, wanda John Charnley na Ingila ya yaɗa amfani da shi tun wajen 1960. Masu gudun siminti suna da hujja, domin a lokacin da ake tura shi jinin tsoho kan yi ƙasa, numfashinsa ya rikice, wani lokaci har rai ya salwanta. Amma da aka gwada hanyoyin biyu a Birtaniya a kan mutum 1,225 masu shekara 60 zuwa sama, a binciken WHiTE 5 da aka buga a 2022, sai aka tarar ƙashi ya karye a gefen ƙarfe ga kashi 2.1 cikin ɗari na waɗanda ba a sa wa siminti ba, alhali waɗanda aka sa wa kashi 0.5 ne kacal. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a ƙasar kuwa tun 2011 ta rinjayar da siminti. Ni dai a ganina, wajibi ne ɗan da zai sa hannu a takardar tiyata ya tambayi likita, cikin ladabi, wacce hanya ya zaɓa wa mahaifiyarsa, da dalilinsa.

Idan kuwa ƙaddara ta riga fata, ƙashin ya tsage, mas'alar farko a wurin likita, bisa tsarin Vancouver na Duncan da Masri na 1995, ita ce ko ƙarfen yana nan daram ko ya saki. In yana nan, a ɗaure ƙashin da farantin ƙarfe da waya, in ya saki, a canza shi da mai tsawo. Wannan hukunci ba a yanke shi da shafar hannu. Masu ɗori, waɗanda ba na raina baiwarsu, ba su ganin abin da ke cikin ɓargo, kuma jan ƙafar da ke ɗauke da ƙarfe kan mayar da tsaga ta zama dagargajewa.

Jama'a, in tsohon da aka dasa wa ƙarfe ya faɗi, ko ya fara kukan ciwon cinya duk sanda ya taka, kada a ja ƙafar; a kai shi asibitin ƙashi irin na Dala a ɗauki hoto tukuna.