Sharhi: Kwamfutar duwan za ta iya tare na'urorin sadarwa marasa inganci kafin su iso Tibiri?

A ranakun 17 da 18 ga Satumban 2024, dubban ƙananan na'urorin aika saƙo da wayoyin oba-oba sun tarwatse a hannun masu su a Lebanon, gomman mutane suka mutu, dubbai suka jikkata. Kamfanin Icom na Japan, wanda sunansa ke jikin wayoyin, ya ce tun shekarar 2014 ya daina ƙera samfurin. Lamarin ya tunatar da hukumomin kan iyaka cewa sunan da ke jikin kwali ba shaida ba ne kan abin da ke ciki.

A gundumar Tibiri ta jihar Dosso, haɗarin da aka fi fuskanta na yau da kullum ne: caja ta jabu da ke tada gobara, batirin da ke kumbura, da na'urar ƙara ƙarfin sabis da ke dagula layin maƙwabta. Ko ƙaramar na'urar watsa shirye-shiryen FM da ba a daidaita ba tana iya kutsawa zangon jiragen sama, wanda ke farawa daga megahaz 108, daidai inda na FM ya ƙare.

Yadda tantancewar ke aiki

Duwan ɗin Nijar na amfani da manhajar SYDONIA, wadda hukumar kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, CNUCED, ta samar tun farkon shekarun 1980. Idan dillalin fito ya shigar da takardar bayanin kaya, manhajar kan auna lambar nau'in kayan, ƙasar da suka fito, kuɗin da aka bayyana da tarihin mai shigo da su. Daga nan sai ta ba takardar launi. Kore na nufin kaya su wuce, rawaya a duba takardu, ja a buɗe kaya a gani da ido, shuɗi kuma a bi sawu bayan an sallame su.

Amfanin tsarin a fili yake. Babu ofishin da ke da ma'aikatan da za su kwance kowace mota, kuma idan na'ura ce ta zaɓi wadda za a buɗe, ƙofar son kai da na goro tana raguwa.

Amma manhajar takarda take karantawa. Lamba 8517 ta kundin kayayyaki na duniya ta haɗa wayoyin salula da na'urorin sadarwa iri-iri, masu kyau da na jabu. Lambar kaɗai ba ta bambance su. Mai bambancewa ita ce takardar amincewa da hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018, ke bai wa samfurin da ya cika ƙa'ida. Muddin jerin samfuran da ARCEP ta amince da su bai zama sharaɗi a cikin manhajar duwan ba, na'ura mai haɗari za ta iya samun launin kore don kawai an biya kuɗin fito daidai. Wanda kuma ya rubuta "kayan wasan yara" a kan kwalin oba-oba ya kauce wa tarkon tun daga farko.

Kayan da ba su da takarda

Babbar matsalar Arewa ta wuce nan. Tibiri, wadda aka cire daga Dogon Dutsi ta zama gunduma a 2011, tana iyaka da jihar Kebbi ta Najeriya. Manyan motocin da ke bin hanyar ƙasa mai lamba 1 ta Kore Mairuwa suna ɗauke da takardu. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya ɗauro kwali biyu a bayan babur daga kasuwannin Kebbi, ta hanyoyin daji, sau da yawa ba ya shiga kowace kwamfuta.

Siyasar yankin ta ƙara wa wannan hanya ƙarfi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an rufe gadar Gaya da Malanville, kayan da ke zuwa daga Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. Tafiya ta yi tsawo, kuɗin dako ya ƙaru, kayan da ke tsallako iyakar Najeriya suka ƙara samun kasuwa.

Starlink misali ne. Ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, amma sai a Maris ɗin 2025 ya fara a hukumance a Nijar. A tsakanin nan, na'urorinsa sun riƙa shigowa ta bayan fage. A iyakar da 'yan bindigar Lakurawa ke kai-komo, sanin wanda ya shigo da na'urar sadarwa da wanda ya saye ta batu ne na tsaro.

Abin da ya rage a yi

Matakin farko shi ne a wajabta rubuta sunan kamfani, samfuri da lambar amincewar ARCEP a takardar fito, ta yadda duk wadda babu su za ta faɗa layin ja kai tsaye. Na biyu, sakamakon kowane binciken ido ya koma cikin manhajar, domin da abin da aka kama jiya take gane na gobe. Na uku, a sauƙaƙa wa ƙananan 'yan kasuwa takarda da kuɗin fito, saboda tsada da jinkiri ne ke tura su daji. Na huɗu, a riƙa duba kasuwannin mako da shagunan gyaran waya, inda kayan ke ƙarewa.

Musayar bayanai da Najeriya ma tana da muhimmanci, tunda hukumar NCC na da nata jerin samfuran da ta amince da su, kwastam ɗin ƙasar kuma ta fara aiki da sabuwar manhajar B'Odogwu a 2024. Ficewar Nijar daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025 ta sa irin wannan haɗin gwiwa sai an zauna tsakanin ƙasashen biyu. Kafin nan, mai sayen caja a kasuwar Tibiri da sa'arsa kawai yake dogaro.