Batir ɗan Baljiyam ba ya fin sabo

Daga Hunkuyi zuwa Makarfi har Ikara, magana ɗaya direbobi ke yi wa juna: wai tsohon batir da aka kwaso daga Turai, wanda ake kira ɗan Baljiyam, ya fi sabo ƙarko. Maganar nan tana cin kuɗin talaka, ya kamata a daina yaɗa ta.

Ƙofa ko giyabos ɗan Baljiyam kan yi shekaru yana aiki, domin ƙarfe ne. Batir kuwa dalma ce jiƙe cikin ruwan batir, kuma tun ranar da aka zuba masa ruwan yake tsufa, ko yana mota ko yana ajiye. In ya daɗe babu caji, wani gishiri kan daskare a farantan dalmar, caji ba ya narkar da shi duka. To, batir ɗan Baljiyam ya gama aiki a motar wani, ya yi makonni a jirgin ruwa, ya kwanta a shago, sannan ya tarar da zafin Maris da Afrilu mai ƙafar da ruwa da cinye farantai.

Gwajin da ake yi ya fi komai ɓata mini rai. Mai shago ya goga waya a kawunan batir, tartsatsi ya tashi, mai saye ya biya. Ko batir da ke gab da mutuwa, in ya kwana a caji, zai yi tartsatsi. Mita ce shaida. Lafiyayye da ya huta yana nuna kusan volt 12.6, in ana tada mota kada ya faɗi ƙasa da 10 sosai. Inji na aiki kuma a ga wajen 14. In ba a gani ba, a binciki altaneta, don in ta lalace, ko sabo aka sa za ta kashe shi.

Masu kare ɗan Baljiyam suna cewa sababbin yanzu jabu ne. Akwai jabu, ban musa ba. In za ka sayi sabo, ka duba ranar da aka ƙera shi, ka ɗaga ka ji nauyin dalmar, ka nemi rasit da garanti a rubuce. Wa ya taɓa ba ka garantin wata shida a kan ɗan Baljiyam?

Mai lodin rake a Makarfi zai iya kwana yana jiran batirin aro. Mai tumatir daga Ikara ba shi da wannan sararin: kwandunan da za su ruɓe a rana kafin a samo masu turi sun fi ragin da aka yi masa a shago.